Littattafan Yamai a Ɗakinmu na Bronx

Assalamu alaikum Malama mai karanta mana wasiƙu, sannu da aiki. Ni ne Haruna, mai sayar da agogo a Canal Street.

Yayana ya cire 'yarsa Balki daga sakandare bayan an soki ɗan ajinsu da wuƙa, ya ce a gida za ta yi karatu. Ya aika Yamai aka kawo littattafai, duk na Faransanci, wai ai gida za mu koma. Balki kuwa nan ta girma, ko gaisuwa ba ta iya da Faransanci ba.

Ni nake zama da ita da safe. Karatuna bai yi nisa ba, amma na lura tana juya shafi idonta bai motsa ba.

Na ce, "Yaya, jarrabawarta fa da Ingilishi za a yi."

Ya ce, "Kai da ka gudu daga firamare za ka zaɓa mata littafi?"

Jarrabawa ta matso, in ta faɗi shekararta ta tafi. Na sayo littafin lissafi na nan, na ɓoye ƙarƙashin agoguna. Jiya ta hango shi, ta ce, "Baffa, ni ka sayo wa?" Na ja mayafi na rufe agogunan.

Jama'a, in ba ta a ɓoye, ko in sake tunkarar Yaya?