Gwabar Tsakiyar Rani

A iyakar Jibiya, muna jiran motar Nijar cikin zafin rani, wani farke ya tsuguna gaban wata tsohuwa mai sayar da gwaba.

"Inna, gwaba yanzu? Ai sai ruwa ya sauka take fure, ta nuna da kaka."

"Tawa ba ta jiran damina, ɗana. Ɗanɗana ka ji."

Ya gatsa. "Kai, zaƙi! Lambu gare ku?"

"Wane lambu a Farfaru? Rijiyarmu ma ta ƙafe. A gindinta dai maigidana ke alwala."

"Shi ya sa! Allah ya ja kwanansa."

"Ai ya rasu bara waccan. Amma ba ya fashi, kullum asuba a jiƙe nake iske wurin."

Farken ya daina tauna.

"Haɗiye abinka, ɗana. Ruwan alwala ne, tsarki gare shi."