Robar Haƙori da Wushirya

A ɗakin jiran likitan haƙori, wani tsohon direba ya ga matar da ke gefensa ta zare wata roba garau kamar gilashi daga bakinta.

"'Yata, haƙoran ne kika cire?"

"A'a Baba, robar daidaita haƙora ce. Ruwan lemo zan sha."

"Har da wushiryar za ta toshe?"

"Nan da wata shida."

"Kayya! Ni wushirya ce ta sa na auri matata marigayiya. Shekara arba'in ina ba ta dariya don kawai in gani."

Matar ta jujjuya robar a hannunta.

"Ni maigidana bai ma san ina da ita ba."

"To ai shi ya kamata a kai wa likita. Na ido."