Shukar Tukunya

A rumfarsa ta sayar da dashen itatuwa, tsohon ya yi baƙon ciniki.

"Yallaɓai, ɗauki mangwaron nan. Shekara huɗu ka fara sha."

"Huɗu? Kafin nan an sake canza mini wurin aiki. Ba ni fure a tukunya, mai shiga bayan mota. Gari biyar, ƙarin girma biyar, Baba! Iyalina sun saba."

"Sun saba?"

"Sarai! Maiɗakina ta daina dashe, bishiya uku ta bar wa wasu. Autarmu kuwa ko kuka ba ta yi ranar tashi. Ta ce ta daina ƙawaye, ta huta."

Tsohon ya miƙa masa tukunyar.

"Ungo. Shukar tukunya tana rayuwa, ɗana. Inuwa ce dai ba ta yi."