Yadda Na Daina Zama Tunkiya

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rahila, a nan Kurmin Mashi nake zaune, ina da ɗan shagon ɗinki a Kawo.

Ni mace ce mai yawan tambaya, maigidana har ya gaji da ni. Amma akwai tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba sai bara: wai yaushe na fara ƙin fatar jikina?

Kun san ni da dariya, amma a gida ba haka nake ba. Tun ina budurwa nake shafa man bilicin, har gaɓoɓin yatsuna suka ƙone, fuskata ta yi dabbare-dabbare. Ba na shiga hoto. In an yi biki sai na ce kaina na ciwo, na rufe ƙofa na yi ta kuka ba tare da na san dalili ba. Abinci ma wani lokaci ba ya shiga.

Bara, da Kirsimeti ya matso, malamar makarantar Lahadi ta ce yara su ɗaga hannu, kowa ya zaɓi abin da zai fito a wasan kwaikwayo. 'Yata Jummai, wadda ta ɗauko baƙina sak, ta dawo ta ce min tunkiya ta zaɓa. Na ce me ya hana ta mala'ika, ita da ke da murya kamar lasifika?

Ta ce, "Mama, ai baƙaƙe ba sa yin mala'ika. Sai na girma na shafa irin man da kike shafawa."

Wayyo! Na tambaye ta wa ya gaya mata, ta ce ba kowa, gani take yi.

Nan take na tuna. Ina ƙarama kamarta na ɗaga hannu ina son fukafukan kwali da farar riga. Malamarmu ta lokacin, Mama Asabe, ta dube ni ta ce farin kaya ba ya yi wa baƙa kyau, in je cikin tumaki. Kowace shekara ina rarrafe da bargo a baya, har na fi tumakin gaske iya kuka.

Na durƙusa a tsakar ɗaki na ce, Ubangiji, kai ka yi wannan fata, me na tsana a aikinka? In ni na makara, kada ka bar yarinyar nan ta ɗauki kayan da na ɗauka.

Halin nawa na tambaya bai bar ni ba. Na bincika Littafi Mai Tsarki ina neman launin fatar mala'iku, ban samu ba. Sai na hau keke-napep zuwa Unguwar Shanu wajen Mama Asabe. Ta tsufa, kuma jama'a, ashe ta fi ni baƙi! Da na ba ta labari, sam ba ta tuna maganar ba. Ta ce hotunan da aka ba su na koyarwa duk fararen mala'iku ne a ciki, su kuma suka bi, ba wanda ya tambaya. Ta riƙe hannuna ta dubi yatsuna, idonta ya cika da hawaye. Muka yi addu'a tare.

Ban warke rana ɗaya ba. Na zubar da mayukan, na ga likitan fata, matar fasto kuma ta raka ni wajen likitan da ke duba masu damuwa. Har yanzu wata safiya madubi kan ba ni tsoro, amma ina tsayawa na duba.

Ranar Kirsimeti Jummai ta fito a matsayin mala'ika, sanye da farar rigar da na ɗinka mata da hannuna. Ta buɗe murya ta ce wa makiyaya kada su ji tsoro, ni kuwa na ji kamar da ni take. Da aka tashi ta ja ni gaban mai hoto, na tsaya kusa da ita ban ɓoye hannuna ba.

Na gode wa Yesu! Iyaye da malamai, yaran nan suna ji, suna kuma kallonmu. Wanda ke ɗauke da irin kayana, ya kawo wa Ubangiji, zai sauke masa kamar yadda yake sauke min. Amin.