Janar Ya Koyi Alkafura

Dabo: Salamu alaikum, likitan kaji!

Zulkifilu: Wa alaikumus salam. Likitan dabbobi dai, ɗan nema. Ya garinku Laurel?

Dabo: Lafiya lau, taubashi. Ya Radiyya da yara?

Zulkifilu: Alhamdu lillahi. Ya aikin gadi?

Dabo: Da godiya. Ya fararen tattabarun nan naka, 'yan gayu?

Zulkifilu: Suna nan tas. Lafiya dai?

Dabo: Albishirinka! Nawa sun fara alkafura. Ni na koya musu, ni da ban gama sakandare ba.

Zulkifilu: Sun fara shan fura?

Dabo: Alkafura! Janar ne ya fara shekaranjiya, baƙin namijin nan nawa. Ya murɗe wuya, ido a sama, yana ta juyi.

Zulkifilu: Tsaya. In sun kai baki ga hatsi, suna samu?

Dabo: Suna kuskurewa. Salo ne.

Zulkifilu: Kashinsu fa?

Dabo: Haba, ina cin abinci! Ruwa-ruwa, kore shar.

Zulkifilu: Akwai wanda ya mutu?

Dabo: Biyu. Gajiyar atisaye ce.

Zulkifilu: Inna lillahi! Dabo, ba alkafura ba ce, alamun cuta ne mai saurin yaɗuwa. Yau ɗin nan ka sanar da ofishin lafiyar dabbobi na jiha, a gwada su.

Dabo: In buga tara-ɗaya-ɗaya, lambar gaggawa ta ƙasar nan?

Zulkifilu: Kar ka soma! Zan turo maka lamba. Ka wanke hannu da takalma, kada tsuntsu ko ɗaya ya bar gidanka. Janar kuma ka ware shi a keji shi kaɗai, yanzu.

Dabo: To... ai kai ka fi kusa da shi.

Zulkifilu: Kamar yaya?

Dabo: Kai ne da cika baki, wai fararenka jinin Beljiyam ne. Jiya da kuka tafi Juma'a na biyo ta gidanka a Beltsville. Na ce bari in ga fuskarka ran da suka ƙyanƙyashe baƙaƙe.

Zulkifilu: Ka saka Janar a ɗakin tattabaruna?

Dabo: Kwana ɗaya tak! In ka kira mutanen, ka ce musu gida biyu ne. Turancinka ya fi nawa.

Zulkifilu: Radiyya! Hana yaran nan zuwa wajen tattabaru! Miƙo min safar hannu! Dabo, wallahi in na zo Laurel...

Dabo: Ka wanke takalma tukuna. Halo? Halo? Layin ya...