Kashe Wuta, Alhaji

Abdulhafiz: Salamu alaikum. Raihana? Kina jina?

Raihana: Wa alaikumus salam. Yaya Abdulhafiz, ina wuni?

Abdulhafiz: Lafiya lau. Ya Samaru? Ya gajiya?

Raihana: Ba gajiya. Ya kasuwa? Ya su Anti Naila da yara?

Abdulhafiz: Duk lafiya. Ya jikin kuma?

Raihana: Wane jiki?

Abdulhafiz: Au, ɓoye mini za ki yi? Ƙanwata ta faɗo da jirgi a gonar mutane a Bomo, sai a bakin masu shayin PZ zan ji?

Raihana: Ban faɗo ba, Yaya. Sauka na yi.

Abdulhafiz: Me? Layin na yankewa.

Raihana: Na ce sauka na yi! Ɗan gurjewa ne a gwiwa. Kada ka gaya wa Umma tukuna.

Abdulhafiz: Ai ta riga ta ji, tun jiya take kuka. Alhaji Abdulrahim mai jirgin da kansa ya zo gida. Ya ce kuna sama lafiya lau, za ki kai shi gonarsa, kawai kika firgita kika kashe masa injin jirgi da hannunki.

Raihana: Ƙwarai, ni na kashe. Kuma gobe ma zan kashe.

Abdulhafiz: Ke Raihana! A sama? Jirgi mai inji ɗaya tak?

Raihana: Yaya, shekara nawa kana gyaran mota? In inji ya kama da wuta, me kake fara yi?

Abdulhafiz: To... a kashe mota, a datse mai. Amma wannan a ƙasa ne.

Raihana: Wuta ba ta san sama da ƙasa ba. Minti shida da tashinmu na ji ƙauri, sai ga harshen wuta ta gefen hancin jirgin. Na datse mai, inji ya mutu. Na rufe kafofin iska kada hayaƙi ya shaƙe mu. Na dungurar da hancin ƙasa, muka taho da gudu don iska ta hure wutar.

Abdulhafiz: Ta hure? Ba rura ta za ta yi ba?

Raihana: In ba mai, hure ta take yi kamar ashana. Na kira hasumiyar filin jirgi na gaya musu, na hango gonar masara da aka girbe, na nufe ta.

Abdulhafiz: Shi fa cewa ya yi babu wata wuta. Ɗan tururi ne.

Raihana: Tururi! Dambu muke dafawa?

Abdulhafiz: Bari dai ki ji. Gobe masu bincike za su zo daga Abuja. So yake ki rubuta cewa kin ga kamar wuta, kika ruɗe. Shi ke nan, magana ta mutu.

Raihana: Lasisina ya mutu dai. Wa zai sake ba ni jirgi in na sa hannu cewa ni mai ruɗewa ce? Makon jiya na rubuta a littafin jirgin cewa bututun mai na tsattsafo. Aka ce an gyara. Ɗan ƙanin Alhaji ne mai gyaran, shi ake so a rufa wa asiri da zanena.

Abdulhafiz: Mutumin nan shi ya kai ki makarantar tuƙin nan fa. Kowa na cewa mace ba za ta iya ba, shi ya tsaya miki.

Raihana: Ban manta ba, wallahi. Abin da aka koya mini a can shi ya sauko da shi da ransa jiya. Yanzu kuma in ce ban iya ba?

Abdulhafiz: Ki rage murya mana.

Raihana: Ba zan rage ba. Ya gaya muku zancen gorar?

Abdulhafiz: Gona? Wace gona?

Raihana: Gora, Yaya, gorar ruwa! Mun kusa taɓa ƙasa, hannuna ɗaya a sitiyari, ɗaya na ɓalle ƙofa don kada ta maƙale mu a ciki. Saura lantarkin jirgin. Ga jan maɓalli nan a gabanmu, na nuna masa da haɓa na ce, "Alhaji, kashe wuta!"

Abdulhafiz: To?

Raihana: Sai bawan Allah ya ɓalle gorarsa ya sheƙa ruwa a kan allon gaban jirgin! Rediyo, agogo, gilashi, har fuskata.

Abdulhafiz: Kai! Wutar lantarki kike nufi, shi kuma... a'a, Raihana, bari, ba abin dariya ba ne.

Raihana: Ai kai ke dariya. Da ido ɗaya na sauke jirgin nan, ruwa na bin hancina. Manoman Bomo da suka rugo da ƙasa a kwanuka suka ƙarasa kashe wutar injin, duk sun ga babbar rigarsa sharkaf.

Abdulhafiz: Raihana... dakata. Ya kamata in gaya miki tun farko. Alhaji na nan shago, a zaune. A lasifika na sa ki.

Raihana: Au, haka ne? Tun gaisuwa?

Abdulhafiz: Shi ya ce in...

Raihana: Madalla. Matsa masa da wayar. Alhaji, barka da yamma, ya gajiyar jiya? Ina ganin girmanka, kuma har in mutu ba zan manta alherinka ba. Amma gobe abin da ya faru zan rubuta, ba ragi ba ƙari. Tambaya ɗaya ce za su yi maka, gara ka fara jin ta daga bakina. In babu wuta, me ka zuba wa ruwa?

Abdulhafiz: Alhaji... Alhaji, tsaya mana, ga hularka! Raihana, kin ga ya tashi.

Raihana: Ka bi shi da ita. Ka gaya wa Umma ina nan tafe da safe, kafin in wuce filin jir...

Abdulhafiz: Raihana? Raihana!