Mutum Takwas Matuƙin Jirgi Ke Nema

Mai girma shugaban ƙungiyar dattawan ƙauyenmu, Baba Shimamura. Mai girma wakilin ofishin gunduma, wanda ya yi alkawarin zama har ƙarshe. Shugabar mata, Inna Kikue. Iyayena da yayyena da kuka tuɓe takalma a bakin ƙofa kuka zauna a kan tabarmar nan duk da ciwon gwiwa, ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya ga waɗanda suka dafa shayi, ina kuma godiya ga waɗanda shayin ya kawo.

Ni Kuwabara, sakatarenku, ni kuka ɗora wa shirya tafiyar hutun bana. Shekara goma sha ɗaya muna zuwa wankan ruwan zafi wuri guda, mu jiƙa ƙasusuwa mu dawo. Bana aka ce mu sauka daga tsaunukan nan zuwa bakin teku a Kochi, mu kwana biyu, a rana ta biyu mu shiga jirgin ruwa na awa huɗu mu je kallon kujira, ƙaton kifin nan da ya fi bas tsawo, mai fesa ruwa ta tsakar ka.

Batu na farko, sakamakon allo. Kamar yadda muka saba, na liƙa takarda a allon sanarwa mai zagaya gidaje, da layi biyu: zan shiga jirgi, ba zan shiga ba. Allo ya tashi daga gidan Inna Tomie, don nata ne na farko a bakin gada. Bayan kwana tara ya dawo hannuna da jan hatimi ashirin da shida, dukkansu a layin zan shiga, a jere tsaf. Na yi murna har na gaya wa matata. Ta dube ni ta ce, "Kai dai har yanzu ba ka san mutanenka ba."

Batu na biyu, baƙin da na yi. Washegari da sassafe wani dattijo ya zo mini da kabeji biyu. Ba zan faɗi sunansa ba, yana zaune a layin gaba. Ya ce, "Kuwabara, ni fa ko gadar nan ta bakin gari ba na duban ƙasa in na hau. Na ga kowa ya buga ne." Na ce, "Baba, ai gidanka ne na biyu." Ya ce, "To Tomie ta buga, sai ni in zama na farkon ƙi?" Bai kai ga fita ba wata uwa ta shigo da kabewa, ta ce, "Ɗana, ka cire ni a ɓoye, amma ka bar hatimin yadda yake, kada a ce." Wani ya ce ranar ce za a yi wa karensa allura, alhali ban sanar da ranar ba tukuna. Mutum ashirin da huɗu suka zo, kowa ta ƙofar baya, kowa na roƙon kada maƙwabcinsa ya ji. Saura biyu: Inna Tomie, da ni da ban sami wanda zan kai wa kabeji ba.

Batu na uku, matuƙin jirgi. Na kira shi, na ce mu biyu ne. Ya ce ƙasa da mutum takwas ba ya kunna inji. Na ce tabbas ma za a ga kujirar? Ya ce, "Baba, ba ni nake kiwonta ba."

Sai na tafi gidan Inna Tomie don in gaya mata an fasa, kuma ba zan ɓoye muku ba, zuciyata fes na tafi. Na tarar da jakarta a bakin ƙofa, saura mako uku, da hular rana a kai, da hoton mijinta marigayi Baba Genzo a gefe. Kun san shekara goma sha tara ya yi a jiragen farautar kujira kafin ya dawo gona. Kun kuma san in lokacin kaka ya yi 'yar Inna Tomie za ta ɗauke ta zuwa Osaka, wannan ce tafiyarta ta ƙarshe da mu. Ta ce, "Kuwabara, shekara hamsin mutumin nan yana ce mini kifin ya fi zauren taronmu tsawo, ni kuma shekara hamsin ina ce masa maƙaryaci, har a gaban baƙi. Zan je in gani da idona. In gaskiya ya faɗa, akwai haƙurin da zan ba shi." Na sha shayi, na yaba furanninta, na fito ban faɗi abin da ya kai ni ba. Kunya ta kama ni a hanya, kuma har yanzu ba ta sake ni ba.

Don haka ga allon nan na zo da shi, da sabuwar takarda. Inna Tomie ta buga. Ni ma na buga, ni da kuka sha tsayar wa da bas a kwanar tsauni in yi amai. Saura shida. Ba za a kai shi gidan kowa ba, a nan zai zagaya a gaban kowa, kuma daga layin gaba zai fara. Baba, ga allo, ga jan tawada.

Allah ya kwantar mana da teku, ya kwantar mana da cikinmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiyar gwiwa, ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya fito mana da kujira, ya sa ta fi zauren nan tsawo.

Na gode.